Kafin a gwada waya, a gwada abin gwaji

Hausawa na cewa ido ba mudu ba, amma ya san ƙima. To, wannan magana ba ta ci wutar lantarki ba, domin wayar da ke ɗauke da wuta da wadda ba ta da komi kamarsu ɗaya a ido. Shi ya sa mai gyaran wuta ya jingina ransa ga ƴan kayan awon da ke cikin jakarsa. Su kuma kayan awon, wa ke awonsu?

Abin da ya kawo mu ga wannan batu a gidanmu ya faru. Firigo ya dinga tsayawa yana tashi, muka kira mai gyara. Ya soka miltimetir cikin piriz, allo ya nuna bolt 265, ya ce wuta ta yi yawa, sai mun sayi regilatar. Allah ya sa maƙwabcinmu ma'aikacin wuta ne, ya kawo tasa na'urar, ta nuna 221. Aka sake wa ta farko pil ɗinta mai bolt 9, nan take ta dawo hanya. Ashe waya ce ta saki cikin piriz. Mu kuɗi kawai muka kusa yin asara. Da ƙaryar ta juya, na'ura ta ce babu wuta alhali akwai, da batun rai ake yi, tunda kashi ɗaya cikin 20 na ampa guda, idan ya ratsa ƙirji, yana iya tsayar da zuciya.

Me ke sa na'ura ƙarya?

Na farko pil. A yawancin ƙananan miltimetir masu araha, idan pil ya yi sanyi, lambar da ke allo hawa take yi. Na biyu zafi. Masu ƙera waɗannan na'urori galibi suna lamunce daidaitonsu ne tsakanin digiri 18 da 28, ga shi a Yamai da Tawa zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, balle na'urar da ta yini cikin akwatin babur a rana. Sai ƙurar hunturu, da faɗuwa daga kan tsani, da wayoyin gwaji, ja da baƙa, waɗanda kan tsinke daga ciki robarsu tana nan lafiya lau.

Shi kuwa tastar, wato turnabis ɗin nan mai ƴar fitila a ciki, ya fi kowa yaudara. Sai wuta kaɗan ta bi ta jikin mai riƙe da shi zuwa ƙasa sannan ya kama. Mutum na bisa tsanin katako da takalmin roba, cikin hasken tsakar rana, da ƙyar zai ga fitilar. Wani lokaci kuma ya kama a kan matacciyar waya don kawai tana kwance kusa da mai wuta.

Gwajin da ba ya cin ko dala

A fara da duba wayoyin gwaji: mai tsagewa ko nannaɗin salatif a yar da ita. A juya na'ura wajen awon om, a haɗa bakunan biyu. Ya kamata ta nuna ƙasa da om ɗaya, kuma lambar kada ta yi rawa idan an motsa wayoyin. Sannan a auna abin da aka san ƙarfinsa: sabon pil mai bolt 1,5 yakan nuna wajen 1,6, batirin mota cikakke da ya huta wajen 12,6. Daga nan a gwada na'ura biyu a piriz ɗaya. Wutar gidajenmu bolt 220 ce. Bambancin bolt biyu ko uku ba komi, amma idan ya kai goma, a nemo ta uku ta raba gardama. A rubuta sakamakon cikin ɗan littafi kowane wata, ranar da na'ura ta fara kauce hanya za a gani.

Babbar doka ita ce gwaji uku. A gwada na'ura inda aka tabbata akwai wuta, a gwada wayar da za a taɓa, a sake komawa wurin farko. Idan ba ta nuna wuta a karo na uku ba, kada a yarda da sifirin da ta bayar.

Wannan doka ta ƙara nauyi a ƙasarmu. Tun lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana, daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, gidaje da yawa suka sa faifan hasken rana da ondilar ko gurup. Ke nan gida ɗaya na iya samun wuta ta hanya biyu, sauke disjanktar na kusa da kwantar ba ya kashe duka. Haka kuma idan an ɗauke wuta a unguwa, sifirin da ke allo ba shaida ba ne, domin wuta ba ta sallama in za ta dawo.

Ga mai sayen sabuwa, ya nemi mai alamar CAT III, wadda aka yi don aiki a allon rarraba wutar gida. Mai aikin ondilar ya nemi mai alamar True RMS, domin wutar wasu ondilar masu araha tana ruɗa miltimetir na yau da kullum. Masu ƙera na'urori kan ba da shawarar a kai su wurin ƙwararru a daidaita su sau ɗaya a shekara. A Nijar hukumar ANMC ce ke kula da sha'anin ma'auni.

A kasuwa ba mu yarda a auna mana hatsi da tiyar da aka bubbuge wa gindi. Don haka muna kira ga iyayen gidan sana'a su koya wa yaransu gwaji uku tun kafin su koya musu feɗe waya. Mu kuma masu gida, idan mai gyara ya zo, mu roƙe shi ya gwada na'urarsa a gabanmu, gwanin gaske ba ya jin haushin haka. Allah ya kiyaye mu, amin.