Neman aiki a kamfanin magani: matakan da ake bi da abin lura

Matashin da ya gama karatun ilimin halittu, jinya ko harhaɗa magunguna a Garwa, Njamena ko Yamai yakan ci karo da sanarwar neman wakilin kamfanin magani, wanda a Faransanci ake kira délégué médical. Aikinsa shi ne zagayawa asibitoci da shagunan magani yana gabatar wa likitoci magungunan kamfanin. Ga yadda tantancewar ke gudana a mafi yawan lokuta.

Da farko mai neman aiki zai aika takardar CV da wasiƙar neman aiki. Sau da yawa ba kamfanin da ya ƙera maganin ne ke ɗauka da kansa ba, wani kamfanin talla ne da ke wakiltarsa a ƙasar. Saboda haka ya kamata mutum ya tambaya tun farko: sunan wa zai fito a kan kwantiragin?

Idan takardun sun yi, sai a kira shi a waya. Nan ake tambayar inda yake zaune, ko yana da lasin tuƙi, da harsunan da yake ji. Da Faransanci ake magana da likita, amma wanda ya iya Hausa, Fulatanci ko Larabcin Chadi, ya kuma san hanyoyin yankinsa, ya kamata ya faɗi hakan.

Mataki mafi wuya shi ne gwajin baki. Akan ba mutum takardar bayanin wani magani ya karanta, sannan shugaban yanki ya zauna a matsayin likita mai sauri, ya ce a gamsar da shi cikin 'yan mintoci. Zai iya jefo tambaya kan illar maganin ga mai juna biyu ko ga yaro. Nan da yawa ke faɗuwa, domin sukan ƙirƙiri amsa. Wanda ya ce zai duba ya dawo da bayani ya fi wanda ya yi shaci-faɗi, tunda kuskurensa kan majinyaci zai ƙare. Tun 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin tallan magani, inda ta ce wakili ya ba likita cikakken bayani ba tare da son kai ba, kuma kada mafi yawan albashinsa ya dogara kai tsaye da yawan abin da aka sayar.

Wannan ƙa'idar tana da amfani ranar maganar albashi. A nemi sanin tsayayyen albashi nawa ne, lada nawa ne, wa zai biya kuɗin mai da na waya, kwantiragin mai wa'adi ne ko na dindindin, kuma wata nawa ne lokacin gwaji. Duk a gan su a rubuce kafin sa hannu.

Abu na ƙarshe shi ne kuɗi. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, ta kafa ƙa'idar cewa kamfanonin samar da aiki ba za su caji ma'aikaci ba. Duk wanda ya turo saƙo ta WhatsApp yana neman kuɗin buɗe fayil ko na horo kafin ganawa, a yi hattara da shi. Kafin a tura ko sisi, a je ofishin kamfanin, ko a tambayi hukumar samar da aiki: FNE a Kamaru, ONAPE a Chadi, ANPE a Nijar.