Karen ruwa a tafkin kifi: ku san halinsa kafin ku ɗana masa tarko

Masu kiwon kifi da tafkunansu ke kusa da kogi ko fadama sukan yi kukan cewa kifi na raguwa, ba mutuwa ba, ba ciwo ba. A zuba dubu, ranar kwasa a tarar da abin da bai kai ba. Da yawa sai su ɗora wa maigadi ko yaran unguwa. Wani lokaci kuwa mai aikin karen ruwa ne, dabbar da mutum zai yi shekaru a bakin ruwa bai taɓa sa ta a ido ba.

Duk da sunansa, ba dangin kare ba ne. Dabba ce mai dogon jiki, gajerun ƙafafu da wutsiya mai kauri da yake sarrafa kansa da ita cikin ruwa. Iri biyu ne aka fi sani a yankinmu, a kogin Kwara da Binuwai da rassansu, har zuwa tafkin Chadi. Akwai babba, wanda nauyinsa kan kai kilo 12 zuwa 20, mai farin maƙogwaro, yatsun hannunsa ba farce. Da waɗannan yatsun yake lalube cikin taɓo da ƙarƙashin duwatsu, don haka ruwa ko ya gurɓace bai dame shi ba. Abincinsa na asali ƙaguwa ce da kwaɗi, kifi ƙari ne. Sai ƙarami mai ɗige-ɗige a wuya, wanda bai cika wuce kilo 6 ba. Shi da ido yake farauta, ya fi son ruwa garau, kuma kifi ne cimarsa, galibi ƙanana.

Abin da ya sa ɓarnarsa ke da yawa shi ne, karen ruwa ba shi da kitse mai kauri da zai tsare shi daga sanyin ruwa. Gashinsa mai cunkoso ne kawai garkuwarsa, sai kuma cin abinci ba ƙaƙƙautawa don jiki ya riƙe ɗumi. A rana yakan ci abin da ya kai kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsa. To ku lissafa: babba mai kilo 12 na neman kusan kilo 2 kullum. Macen tana ɗaukar ciki wata biyu, ta haifi ɗaya zuwa uku a rami a gaɓar ruwa, cikin saiwoyin bishiya ko duhuwar ciyawa, kuma 'ya'yan kan bi ta kusan shekara tana koya musu kamu. Idan uwa mai goyo ta gano tafkinka, ba baki ɗaya kake ciyarwa ba.

A kogi sai ya sha wahala kafin ya kama kifi ɗaya. A tafkin kiwo kuwa tarwaɗa ce a cunkushe, ba wurin ɓuya, ba inda za ta gudu. Shi ya sa matsalar ta fi tsananta da rani, lokacin da rafuka suka ƙafe, ƙaguwa ta shige rami, tafkinka ya zama shi kaɗai ne ruwa mai abinci a yankin. Babban kan yi tafiya mai nisa a tudu cikin dare daga wannan ruwa zuwa wancan, don haka kada ka ce ai gonata ba a bakin kogi take ba.

Amma kafin ka yanke masa hukunci, ka tabbatar shi ne. Ka fita da sassafe, kafin mutane su tattake wurin, ka duba taɓon bakin tafki. Sawun babban karen ruwa yatsu biyar ne ba alamar farce, kamar tafin hannun jariri. Na kare yatsu huɗu ne da farce. Ka duba kashi kuma, domin yana da ɗabi'ar yin sa wuri ɗaya, a kan dutse ko wani ɗan tudu kusa da ruwa, don sanar da 'yan uwansa cewa wurin da mai shi. In ka murje shi da kara za ka ga ɓawon ƙaguwa, ƙayar kifi da ɓamɓaroki. Babban kifi yakan ja shi gaɓa ya ci, ya bar saura. Guza ita haɗiye ƙananan kifi take, ta bar jan wutsiya a ƙasa. Zalɓe yakan bar kifi da raunin sara a baya. Ɓarawon mutum kuwa manya yake zaɓa, kuma ba ya barin ko ƙaya. Kowanne maganinsa daban, kuɗin da aka kashe wa wanda ba shi ba ne asara ce kawai.

In ya tabbata shi ne, abin da mutane suka fi saurin yi shi ne sa guba a cikin kifi ko nama. Wannan gaskiya ba dabara ba ce. Gubar na iya komawa cikin ruwan da kifinka ke ciki, kifin da za ka kai kasuwa mutane su ci, ga karnuka da kaji da yara da ke yawo a wurin. Sannan ko ka kashe ɗaya, wurin da ya bari wani ne zai gaje shi, tunda abin da ya jawo na farko yana nan. Ga shi kuma dabbar tana raguwa: ƙungiyar IUCN mai bibiyar halin namun daji a duniya ta sa iri biyun nan cikin waɗanda ke dab da shiga haɗari, saboda gurɓatar ruwa, sare ciyayin gaɓa, da nutsewa cikin raga da gurar masunta.

Abin da ke aiki shi ne shinge, amma sai an yi shi daidai da halin dabbar. Tana haƙa, tana hawa, tana kuma matse jiki ta bi ta ƙaramar kafa. Ragar waya mai ƙarfi ake so, mai ƙananan idanu da ba su wuce santimita 5 ba, tsayinta ya haura mita 1, a lanƙwaso samanta waje. Ƙasanta a binne, ko a shimfiɗa ta waje a danne da ƙasa da duwatsu. Ragar kaji marar ƙwari ba ta daɗewa, yaga ta yake. Inda aka fi yin sakaci shi ne bututun shigar ruwa da na fita, da ƙasan ƙofa. Shinge ya yi kyau ko'ina, a bar bakin bututu a buɗe, ai an yi aikin banza. A toshe shi da raga, a riƙa share ganyen da ke maƙalewa. A sare reshen da ya ratso kan shingen, a rage duhuwar da ke jikinsa, amma ciyawar bakin kogi a bar ta, can ne gidansa da abincinsa.

Kuɗin waya ba wasa ba ne ga mai tafki ɗaya ko biyu. A nan ƙungiya ke da amfani: inda tafkuna suke jere, kewaye su gaba ɗaya ya fi arha a kan kowa ya kewaye nasa, a kuma haɗa kuɗin maigadi da kare mai kwana a wurin. Fitila da gwangwanaye masu ƙara sukan kore shi na 'yan kwanaki ne kawai, da ya saba ya dawo. Wanda ƙarfinsa bai kai ba ya fara da inda 'ya'yan kifi suke, ya rufe samansa da raga, ko ya mayar da su tankin siminti ko na tampol kusa da gida, har su yi ƙwari. In za a sa shingen, a gama shi kafin ruwan rafi ya janye, wajen watan Nuwamba zuwa Disamba, tun dabbar ba ta koyi hanyar tafkin ba.