Kurege, haraji da bindigar iska

Kuregen nan ba irin namu na rami ba ne. Mai ruwan toka ne, a kan bishiya yake kwana, asalinsa gabashin Amurka, kuma ya fi shekara 250 yana wasa da hankalin hukumomi.

A 1749 mahukuntan Pennsylvania suka gaji da ɓarnar da yake yi wa masara, suka sa kwabo uku a kan duk wanda aka kashe. Samari suka watsar da aikin gona suka faɗa daji. Kafin shekara ta zagayo an biya fam 8,000, wato ladan kurege 640,000 ke nan. Da baitulmali ya ji jiki, sai aka rage ladan. Jihar Ohio kuwa ba ta yarda ta kashe kuɗinta ba: a 1807 ta yi doka cewa duk mai biyan haraji sai ya haɗo da fatar kan kurege, daga 10 zuwa 100, gwargwadon abin da aka yanka masa.

A Ohio ɗin dai, lokacin yaƙin basasar Amurka, sojojin Kudu sun doshi birnin Cincinnati a Satumbar 1862. Gwamna ya yi shela, mutanen karkara wajen 15,000 suka taho da bindigoginsu na farauta. Har yau tarihi bai san su da wani suna ba sai Maharban Kurege.

Tsofaffin maharban Kentucky suna da wata gwaninta: ba sa harbin jikin kuregen, sai ɓawon reshen da yake kwance a kai. Girgizar kaɗai ke faɗo da shi, nama bai lalace ba. Mai zanen tsuntsayen nan Audubon ya rubuta cewa ya ga maharbi Daniel Boone yana yin haka, ko da yake masana tarihi na ɗaukar labaran Audubon da taka-tsantsan.

A yau da bindigar iska wasu ke farautar kurege. Wanda ya ɗauke ta kayan wasan yara bai ji labarin wani maƙeri mai suna Girandoni ba. Wajen 1779 ya ƙera tasa, sojojin Austriya kuma suka yi shekaru fiye da talatin suna zuwa yaƙi da ita. Tana cin harsashi wajen ashirin a lokaci guda, ba hayaƙi, ba ƙara mai yawa, a zamanin da sojan da ke da bindigar albarushi sai ya tsaya ya yi ɗuri bayan kowane harbi. Wahalarta famfo: sai an buga wajen sau 1,500 kafin tulun iskar ya cika, a sami harbi talatin ko makamancin haka. Lewis da Clark sun tafi da bindigar iska a tafiyarsu ta ratsa Amurka daga 1804 zuwa 1806, suna harba ta gaban ƙabilun da suka tarar don a ga abin mamaki.

Ta yau ta fi sauƙi. Ana ɗura wa wasu iska daga tulu irin na masu ninƙaya a ƙarƙashin teku, harsashin kuma ƙwayar dalma ce 'yar mitsitsiya, faɗinta milimita 4.5 ko 5.5. Saboda ƙarfinta kaɗan ne, kan kuregen ake nema, wurin da bai wuce girman goro ba, daga tazarar mita ashirin zuwa talatin. Wanda hannunsa ke rawa gara ya haƙura, don raunata dabba a bar ta da wahala ba farauta ba ce.

Shi ma kuregen ba zaune yake ba. Da ya hango mutum sai ya zagaya bayan bishiyar, ka zagaya, ya zagaya. Shi ya sa maharbi kan jefa sanda ɗaya gefen, ko su je su biyu. Idon sawunsa na baya yana juyawa har ya fuskanci baya, abin da ke ba shi damar saukowa da kai ƙasa a guje. An kuma lura cewa in ya ga ana kallonsa yana ɓoye abinci, yakan tona rami ya rufe ba tare da ya sa komai ba.

Ingila ce ta jawo wa kanta. A 1876 aka saki irin na Amurka a Henbury Park da ke Cheshire, don ado kawai. Yanzu sun haura miliyan biyu a Birtaniya, suna ɓare ɓawon itatuwa, suna kuma yaɗa wata cuta mai ƙuraje da ba ta cika yi musu komai ba, amma tana kashe jan kurege ɗan ƙasa. A 1953 gwamnati ta fara biyan sule ɗaya kan kowace wutsiya, daga baya ta mai da shi sule biyu, ƙarshe ta rufe shirin kafin shekarun 1950 su ƙare, kurege na nan daram. A yau in ka kama mai ruwan toka a tarko, sakinsa laifi ne. A Ingila da Wales bindigar iska ba ta buƙatar lasin sai ƙarfinta ya wuce kimanin jul 16. A Scotland kuwa, tun ƙarshen 2016, ko mai rauni ce sai da takarda.

Wutsiyar ma kuɗi ce. Kamfanin Mepps da ke Antigo a Wisconsin yana sayenta daga maharba, yana ɗaura gashin a jikin ƙugiyar kamun kifi. Naman kuwa da shi aka fara dafa wata miya da ake kira Brunswick a Virginia, kafin kaza ta karɓe wurin.

A Ayalan, abin da ya fi cin kuregen ba maharbi ba ne. Wata dabba ce mai cin nama, gwanar hawan bishiya, da ake kira pine marten. Bayan an hana kashe ta a 1976 ta sake yaɗuwa, kuma a tsakiyar ƙasar, inda ta fi yawa, mai ruwan toka ya ragu ƙwarai, jan kurege ya koma dazukan da aka kore shi.