Kafin a Ƙara Wa Motar Nan Bodi

Masu motocin lodi a Jos, da masu walda da ke ƙera musu bodi, don girman Allah ku dakata kafin kakar dankali ta kankama. Ana ta ƙara wa bodin motocin kanta da manyan motoci tsayi don su ci buhuna fiye da ƙa'ida, ana kafa wa bas kariyar ɗora kaya a sama, ana ɗora tankin ruwa a kan shasin da ba don shi aka yi ba. Duk takun da aka ƙara sama, motar ake turawa kusa da kifewa.

Kowace mota tana da wuri guda da nauyinta kaf ya tattaru, wato cibiyar nauyi. Ido ba ya ganin ta, amma ita ke yanke hukunci a kwana. Lissafin ba wuya: a ɗauki tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba da ninki biyu na tsayin cibiyar daga ƙasa. A ce tazarar mita 2 ce, cibiyar tana mita 1.2, sakamakon 0.83 ke nan. A jibga buhuna har cibiyar ta hau mita 2, sai ya faɗo 0.5, kuma duk sadda lambar ta ragu, motar ta fi saurin kifewa. Wannan ma a takarda ne, domin sifirin da taya suna lotsawa, motar ta karkata tun kafin a kai nan. Ga kuma gudu: direba ya ninka shi biyu a kwana, ƙarfin da ke tura motar gefe ninkuwa huɗu yake yi.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Motar da ta yi lodin dankali daga Bokkos ko Mangu, ko kwandunan tumatir daga Farin Gada, in ta nufi Akwanga sai ta gangara Hawan Kibo, gangara da kwana a haɗe, birki kuma ya yi zafi. A cikin garin Jos ma kowa ya san haɗarin Gada Biyu. A irin waɗannan wurare ba direba kaɗai ke mutuwa ba. Akwai yaran mota da ke kwance a kan kaya, da masu talla a bakin titi.

Kada wani ya ce ai hannunsa ya saba. A 1997 sabuwar ƙaramar Mercedes A-Class ta kife a Suwidin lokacin da 'yan jarida ke gwada kauce wa abu a guje, dole kamfanin ya dakatar da sayar da ita ya sake gyara. In haka ta samu masu ɗakunan gwaji, ina ga mai aunawa da ido da alli?

Abin farin ciki, yanzu ana iya gano cibiyar tun kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya. Manhajojin zane irin su SolidWorks da Autodesk Inventor, har da FreeCAD da ake samu kyauta, suna lissafa nauyin kowane sashe su nuna inda cibiyar ta faɗa. Ka ɗaga rufin bodi a zanen, ka ga 'yar alamar ta hau sama a kan allo.

Sai dai a nan gargaɗina na biyu yake, kuma matasanmu masu zanen nake nufi. Kwamfuta abin da ka ba ta take lissafawa. A SolidWorks, in ba ka faɗa mata da me aka yi sashe ba, nauyin ruwa take ba shi, kilo 1,000 a kowace mita kubik, alhali ƙarfe kilo 7,850 ne, alminiyam 2,700. Ka manta wannan a kan shasi ko katakon bodi, za ta ba ka amsa tsaf da lambobi, kuma ƙarya ce. Haka wanda ya zana mota babu kaya ya ce lafiya lau. Wa ke gangara Hawan Kibo da mota fanko? Zana ta da buhunanta har inda 'yan lodi ke kaiwa da gaske, da taya safaya, da mutanen da ke hawa sama. Tankin ruwa ya fi haɗari in rabi ne, don ruwan yana kwararowa gefe guda a kwana, kuma zanen da ke tsaye cik ba zai nuna maka haka ba. Sai an sa shinge a cikin tankin.

Sannan ka bi zanenka har garejin. Mai walda yakan ƙara ganyen sifirin don motar ta daina zama, wannan kuwa ɗaga bodin yake ƙara yi.

Jami'ar Jos, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Barkin Ladi, da hukumar horar da ma'aikata ta ITF da hedikwatarta ke garin nan, su kai wannan ilimi garejin masu ƙera bodi, da Hausa. Alhaji mai mota, kafin ka biya kuɗin aiki ka tambaya: ina cibiyar nauyin motar nan in ta cika? In an gama, a hau da ita sikelin manyan motoci a auna gaba da baya, a gwada da abin da kwamfuta ta ce. In ba su yi daidai ba, kada a yi mata lodi.