Shekara 22, amma baya kamar na ɗan 70: ba kowane ciwon baya ba ne basir

Hutun zangon da ya wuce na je Lahodu, a ƙaramar hukumar Wurno, gaishe da Gwaggona. Lokacin ana tsaka da cirar albasa a fadama. Taubashina, wanda wata uku ne kacal tsakanina da shi, shi ya ɗauko ni daga Wurno a kan kabu-kabunsa. Da muka iso ƙofar gida sai ya kashe babur ya yi tsit, hannu biyu a ƙugu, ya kai minti guda kafin ya iya ɗaga ƙafa ya sauko.

Na ce, "Tsoho, ina ka baro sandarka?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, basir na kawai. In na sha haɗi yanzu ya wuce."

Gwaggo ce ta gaya mini daga baya cewa shekara uku ke nan yana faɗin haka.

Kai da kake karanta wannan a wayarka, na san ka san irinsa. Wataƙila abokinka ne na majalisa, wataƙila kai ne da kanka. A wurinmu matashi ba ya ciwon baya, sai dai gajiya, ko sanyi, ko basir. To amma akwai ciwon bayan da asalinsa a ƙashi yake, kuma tun ana yara yake somawa.

Me ke cikin bayan naka?

Ƙashin baya ba sanda guda ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 da aka jera kan juna: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuma sun manne a can ƙasa. Tsakanin yawancinsu akwai faifan guringuntsi mai tare jijjiga, ta tsakiyarsu kuma laka ta ratsa, jijiyoyi na fita daga gare ta zuwa ƙafafu. Biyar ɗin nan na ƙugu su ke ɗaukar mafi yawan nauyi. Na ƙarshensu, wanda za ka ga an rubuta L5 a takardar asibiti, shi ya fi shan wuya.

A bayan kowane ƙashi akwai wani ɗan siririn wuri kamar gada, mai haɗa shi da na sama da na ƙasa. Idan yaro mai tasowa yana yawan banƙarewa baya da murɗa ƙugu da kaya mai nauyi, wurin nan kan tsage. Ba karaya ce ta lokaci guda da za ka ji ƙas ba. Ka san yadda waya ke tsinkewa in aka yi ta lanƙwasa ta a wuri ɗaya? Haka abin yake, a hankali. Likitoci sun ƙiyasta cewa mutum 5 zuwa 6 cikin 100 na ɗauke da wannan tsagar, kusan 9 cikin 10 kuma a L5 take. Wasu an haife su da raunin wurin, har yakan bi dangi. Da yawa ma suna da ita ba su taɓa jin komai ba.

Idan ta kama ɓangare biyu, ƙashin na iya gocewa gaba a kan na ƙasansa. A nan ne ciwo kan sauka ɗuwawu da cinya, wani lokaci har ƙafa ta riƙa yin mazari ko ta mutu, saboda an matse jijiya.

A littattafan likitancin Turai da Amurka, ’yan wasan alkafura, ’yan ƙwallo, masu ɗaga ƙarfe da ’yan kokawa ake kawowa misali. Yanzu dubi rayuwar saurayi a Wurno, Rabah ko Goronyo. Noman rani a bakin kogin Rima da ƙarƙashin madatsar Goronyo: dashen shinkafa a duƙe tun safe, kinkimar injin ban ruwa, loda buhunan albasa da tafarnuwa a mota. In kaka ta yi a shiga filin kokawa. In aiki ya ja baya a hau kabu-kabu a kan hanya mai gargada. Taubashina yana da shekara 13 ya fara dako. A wannan shekarun ƙashi bai gama ƙwari ba.

Ciwon irin wannan tsagar yana da halinsa: yakan tsananta in ka banƙare baya, ko ka daɗe a tsaye, ko bayan aikin ƙarfi, ya lafa in ka kwanta. Sau da yawa naman bayan cinya kan ɗaure, har mutum ya kasa taɓa yatsun ƙafarsa.

Kada ka firgita tukuna

Ba kowane ciwon baya ne tsagar ƙashi ba fa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 a 2050. Babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki. Amma kusan kashi 90 cikin 100 ba a samun wata takamaiman cuta a bayansa, kuma yawanci yakan lafa cikin ’yan makonni in mutum ya ci gaba da motsa jiki. Don haka ba daga jin ciwo sai hoto ba.

Ma’aunin da za ka riƙe shi ne wata uku. Ciwon da ya wuce mako 12, ko wanda kullum ka yi aiki sai ya dawo, ya wuce a kira shi gajiya.

Basir, haɗi da tramol

Basir cuta ce ta gaske, amma kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, ba ya tsaga ƙashi. Mai lasifika a kasuwa da mai talla a TikTok sun san abin da kunnenka ke son ji, shi ya sa kwalba guda ke maganin basir, ciwon baya, sanyi da raunin mazakuta duk a tare.

Haɗin kemis ya fi ba ni tsoro. Ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙullin leda, ba suna, ba adadi. Magungunan kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen suna aiki in an sha su na ɗan lokaci, amma wanda ya mayar da su abincin kullum yana sayen gyambon ciki da ciwon ƙoda da kuɗinsa. Daga nan kuma sai tramol. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna ’yan Najeriya miliyan 4.6 na shan irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa umarnin likita ba. Ba duka ne suka fara don maye ba. Wani buhu ne ya gagare shi, abokin aiki ya miƙo masa rabin ƙwaya. Zafin ya ɗauke, ya koma ya ɗauki buhu biyu a kan tsagaggen ƙashi.

A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa’idojinta kan ciwon ƙugu mai daɗewa, ta ce kada a yi amfani da ƙwayoyin dangin tramol, ko jan baya, ko bel ɗin ɗaure ƙugu a matsayin maganin yau da kullum. Bel ɗin da likita ya rubuta bayan ya ga tsaga daban, wanda kake gani ana talla a Facebook daban. Masu ɗori kuwa, kowa ya san suna da nasu wurin a garuruwanmu, amma bayan da ba a san me ke cikinsa ba, kada ka yarda a taka maka shi ko a ja shi.

Alamomin da ba a kwana da su

In ciwon baya ya zo da ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti za ka nufa yau, ba jibi ba:

Fitsari ko bayan gida na zubowa ba ka sani ba, ko fitsarin ya ƙi fita. Tsakanin cinyoyinka da al’aura sun mutu. Ƙafa na rasa ƙarfi, kana jan ta ko kana tuntuɓe. Ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur ko bishiya.

Sai kuma zazzaɓi, gumin dare da rama, ko ƙusumbi ya fara fitowa. Wannan na iya zama tarin fuka da ya shiga ƙashin baya. Ba sai kana tari ba. Yana cin ƙashi har ya shanye ƙafafu, alhali yana warkewa, maganinsa kuma kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati.

Akwai wani nau’in da ke kama samari musamman: ka tashi da safe baya ya sandare fiye da rabin awa, sai ka motsa ya saki, in ka kwanta ya dawo. Wannan kumburin gaɓoɓin baya ne, maganinsa daban, shi ma likita ke gane shi. Mai sikila kuma ya gaya wa likita tun farko.

Ina za a je?

Fara da babban asibitin ƙaramar hukumarku, a duba ka, a ba ka takardar turawa in da buƙata. A Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo, mai sashen ƙashi da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, akwai kuma Asibitin Ƙashi na Wamakko. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala. Yawanci da hoton ƙashi ake farawa, sai in bai nuna ba ko ana zargin jijiya a nemi CT ko MRI.

Na san abin da za ka ce: kuɗin mota, kuɗin hoto, ga hanyoyin gabashin Sakkwato da sai an yi lissafin lokaci kafin a bi su saboda ’yan bindiga. Gaskiya ne. Amma lissafa abin da ka kashe a haɗi da kwalaben basir cikin shekara guda, ka gani.

Tsoron da ya fi hana mutane zuwa shi ne wai za a yanka baya a bar mutum a keke. Mafi yawan masu wannan tsagar ba a yi musu tiyata. Hutu ne daga aikin da ke tayar da ciwon na wasu makonni ko watanni, sai atisayen ƙarfafa naman ciki da na baya a wurin masu gashin ƙashi, wato fisiyo. Hutun ba kwanciya ba ce, tafiya a ƙasa ma magani ce. In za ka ɗaga kaya, lanƙwasa gwiwa, ka manna kayan da jikinka, kada ka murɗa ƙugu da shi a hannu. In buhu ya fi ƙarfinka a raba shi biyu ko a kama maka, ba ragwanci ba ne. Mai kabu-kabu, da kai mai kwana duƙe a kan waya, ku riƙa tashi kuna miƙewa. Sigari ma tana hana ƙashi saurin haɗewa.

Sai da na haɗa da Gwaggo kafin taubashina ya yarda ya biyo ni Sakkwato. Hoto ya nuna tsaga a L5 ta ɓangare biyu, ƙashin ya ɗan goce kaɗan. Likita ya ce ba tiyata, amma ya ajiye dako da kokawa wata uku, ya koyi atisaye. Da muka fito ya daɗe bai yi magana ba, can ya ce, "To wa za ya ciyar da gida?" Ban da amsa a ranar. ’Yan’uwa ne suka yi karo-karo, wani ya riƙe masa babur suna raba abin da aka samu.

Yanzu ciwon ya ragu sosai, bai tafi duka ba, ya kuma daina haɗi. A makon jiya ya kira ni, muna cikin hira na ji ya ɗaga murya yana yi wa wani faɗa. Ƙanensa ne ɗan shekara 13, ya gan shi yana ƙoƙarin saɓa buhu shi kaɗai.