Bayan sanƙarau: Wa zai biya kuɗin na'urar ji ga yaran ƙasar Gumel?

A gidaje da dama na ƙasar Gumel, ranar da aka sallamo yaro daga asibiti bayan ya sha fama da sanƙarau rana ce ta godiya ga Allah. Maƙwabta su shigo barka, a ce an auna arziki.

Sai bayan makonni uwa ta fara lura da wani abu. Ta kira sunan yaron daga bayansa, bai waiga ba. Kwano ya faɗi a tsakar gida, kowa ya zabura ban da shi. 'Yan kalmomin da ya fara iyawa kafin ciwon suna ta zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan iyaye ke shiga wata sabuwar jinya wadda babu mai ɗaukar musu nauyinta: neman na'urar da za ta taimaka wa yaron ya ji.

Me ya sa wannan yanki?

Ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suna arewacin Jihar Jigawa, dab da Jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, a yankin da sanƙarau ya saba ɓulla da rani.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce daga Oktoban 2022 zuwa tsakiyar Afrilun 2023 an samu mutum 1,686 da ake zargin sun kamu da cutar a Najeriya, 124 suka rasu. Kusan kashi 74 cikin ɗari na masu cutar daga Jigawa suke, kuma Maigatari da Sule Tankarkar ne suka fi jin jiki.

An kawo agaji, an yi rigakafi, kuma a watan Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafin Men5CV, Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su.

Sai dai alƙaluman annoba masu rai da matattu suke ƙirgawa. WHO ta ce kusan mutum 1 cikin 5 da suka tsira daga sanƙarau irin na ƙwayar bakteriya kan kasance da wata larura mai ɗorewa, kuma rashin ji na kan gaba a ciki.

Ban da sanƙarau, ƙyanda da hangum da shawarar jarirai da ciwon kunne mai zubar da mugunya da wasu allurai irin su Gentamicin idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba, duk suna iya taɓa jin yaro.

Inda inshora ta tsaya

A watan Mayun 2022 aka sa hannu kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta wajabta inshora ga kowane ɗan Najeriya. Jigawa ma tana da tata hukumar, JICHMA, kuma jihar ta daɗe tana da shirin magani kyauta ga masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Waɗannan tsare-tsare sun fi karkata ga ganin likita da magani da kwanciya a asibiti. Na'urar ji ba ta cikin abubuwan da aka saba biya, don haka ko ma'aikacin gwamnati da ake cire masa kuɗin inshora a albashi, yawanci daga aljihunsa zai saya. Manomi da ɗan kasuwar ƙauye kuwa, da yawa ba su da rajistar ma tun farko.

Na'urorin daga ƙasashen waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. A farkon 2023 ana canjin dala ɗaya a hukumance kan kimanin Naira 460, amma a 2024 ta haura Naira 1,500. Na'ura mai inganci da ake saita wa yaro kan kai ɗaruruwan dubban Naira, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne. Yaron da kunnuwansa biyu suka taɓu, na'ura biyu yake buƙata.

Kuɗin da ba a faɗa wa iyaye tun farko

Kafin a kai ga saye, sai an auna jin yaron. Ƙaramin yaro ba zai iya cewa ya ji ko bai ji ba, saboda haka akwai gwajin da ake yi masa da na'ura yana barci. Irin wannan aiki sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Daga Gumel zuwa Kano tafiyar fiye da kilomita 100 ce, kuma ba zuwa ɗaya ake yi ba.

Bayan an saya, akwai robar da ake gwada wa yaro daidai da ramin kunnensa. Kunnen yaro girma yake yi, don haka bayan 'yan watanni robar kan yi masa sako-sako, na'urar ta riƙa fito, sai an yi sabuwa. Batir kan ƙare cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma ba irin na tocila ba ne da za a samu a kowane shago. Ga ƙurar hunturu da gumin bazara da ke lalata na'urar, ga kuma koya wa yaron magana, wanda aiki ne na shekaru.

Wannan ne ya sa magidancin da ya kai ɗan bijiminsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya sayar don ya sayi na'ura, yake iya wayar gari bayan wata shida na'urar na cikin kwalla saboda babu batir.

Jira ma asara ce

Sau da yawa dangi kan ce a bar yaro, wai jinkirin baki ne, kawunsa ma sai da ya shekara huɗu. Masana jin yara kuwa sun ce shekaru ukun farko ne ƙwaƙwalwa ta fi ɗaukar harshe. Ƙa'idar da suke bi ga jarirai ita ce a gwada ji kafin wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6.

Ga wanda ya tashi daga sanƙarau, gaggawar ta fi haka. Cutar na iya sa can cikin kunne ya sandare ya zama ƙashi. Idan rashin jin ya yi tsananin da na'urar sakawa ba za ta yi amfani ba, sai dashen na'ura ta hanyar tiyata, wanda kuɗinsa miliyoyin Naira ne, kuma sandarewar na iya toshe wannan hanyar. Shi ya sa likitoci ke so a auna jin yaron cikin makonni kaɗan da sallamarsa.

Ina mafita?

Abu na farko shi ne gwaji kafin saye. Wani yaron dattin kunne ne ko ruwa a bayan dodon kunne, magani ko ƙaramin aiki zai wadatar. Na'urorin ƙara sauti masu araha da ake tallatawa a kasuwa da intanet ba a saita su da jin yaro ba, suna iya ƙarasa ɗan jin da ya rage masa.

Iyaye su karɓi sakamakon gwajin da farashi a rubuce, su tambayi kuɗin batir da roba da gyara na shekara guda. Da waɗannan takardu ake tunkarar ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti, da kwamitin zakka na masarauta, da ƙungiyoyin ci gaban gari, da wakilan mazaɓa. Akwai kuma Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wadda aka kafa ƙarƙashin dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2019.

Yayin da ake tara kuɗin, kada a bar yaro babu harshe. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu mai tsari, akwai kuma makarantar kurame a Haɗejiya da ta Tudun Maliki a Kano. Koyon maganar hannu ba ya hana yaro yin magana da baki daga baya.

Sauran aikin na gwamnati ne. Jigawa ta taɓa kafa tarihi a 2007, lokacin da gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan masu buƙata ta musamman Naira 7,000 duk wata. Jihar da ta iya wannan za ta iya sa gwajin ji cikin ƙa'idar sallamar duk yaron da ya yi sanƙarau, ta ajiye kayan gwaji da batir a Babban Asibitin Gumel, ta kuma shigar da na'urar jin yara cikin abubuwan da JICHMA ke biya.

Yaran da suka tsira daga annobar 2023 suna goye yanzu sun fara isa shiga makaranta. Wanda ba ya jin muryar malam, a aji za a fara gane abin da jinkirin ya jawo masa.