Na'urar Cardiopad: Gwajin Zuciya Daga Ƙauye

'Yan'uwa, ciwon zuciya ba ya bambanta ɗan birni da ɗan ƙauye. Amma likitocin zuciya a Kamaru kaɗan ne, yawancinsu kuma suna Yawunde da Duwala. Wannan ne ya sa Arthur Zang, injiniyan da ya yi karatu a nan Yawunde, ya ƙirƙiro na'urar Cardiopad. A 2016 ta ci babbar kyautar injiniyoyin Afirka.

Ga yadda take aiki. Nas zai manna wayoyi a ƙirjin majinyaci da hannuwansa da ƙafafunsa. Na'urar ta ɗauki yadda zuciya ke bugawa, ta aika wa likita a birni ta layin wayar salula. Likita ya duba, ya maido da amsa. Babu allura, babu zafi.

Zang ya yi mata rajista a OAPI, hukumar kare ƙirƙira ta ƙasashen Afirka 17, wadda hedkwatarta ke Yawunde. Irin wannan takarda tana hana wasu ƙera abin ba da izinin mai shi ba har shekara 20.

Amma a lura: takardar tana kare mai ƙirƙira ne, ba shaida ba ce cewa abu yana warkarwa. In mai talla ya nuna maka kalmar "breveté" a kwalin awarwaro ko na'urar "wanke jini", kada ka daina shan maganin hawan jininka.

In kana jin ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko kumburin ƙafafu, zo asibiti a gwada ka. Allah ya ba mu lafiya.